Jakar iska ta gefen mota: yadda ake gano ɓacin lantarkinta

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, ta bi ta Agye da Gazawa. Ran kasuwa takan cika da motoci da babura da amalanken shanu. Inda ƙaramar hanya ta haɗu da babba akan yi karo, wata mota ta bugi wata a gefe.

Idan aka bugi mota ta gaba, inji yana tsakanin mutum da abin da ya buge su. Idan ta gefe ne kuwa, ƙofa kaɗai ke tsakani. Shi ya sa aka ƙirƙiro jakar iska ta gefe. Kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fara sa ta a motarsa a shekarar 1994. Motoci da yawa da muke gani a garuruwanmu an yi aiki da su a Turai, sannan aka shigo da su ta Kotonu ko Lome. Da dama daga cikinsu suna da wannan jaka a ɓoye cikin gefen kujera, inda aka rubuta SRS.

Yaya take aiki?

Abubuwa 3 ne suke aiki tare. Na farko, ƴar na'ura mai jin bugu, tana cikin ƙofa ko cikin ƙarfen da ke tsakanin ƙofofi. Na biyu, ƙaramar kwamfuta da ke tsakiyar mota. Na uku, jakar kanta, tare da ɗan ƙyastu na lantarki. Idan aka bugi mota, na'urar ta sanar da kwamfuta, kwamfuta ta aika da wuta zuwa ƙyastu, ƙyastu ya kunna maganin da ke fitar da gas, jaka ta kumbura. Duk wannan bai wuce kashi 1 cikin 50 na sakan guda ba. Ko ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa.

Ku tuna da tocila. In waya ta tsinke, ko batir bai zauna daidai ba, ƙwai ba ya kamawa. Haka jakar iska take. Waya ɗaya ta sassauta, ta hana ta aiki.

Fitila mai ba da labari

A gaban direba akwai ƴar fitila mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. In an murɗa makulli takan kama kamar sakan 6, sannan ta mutu. A lokacin nan kwamfuta tana gwada wayoyinta. Tana auna irin turjiyar da wuta take gamuwa da ita a hanya. Ma'aunin turjiya sunansa om. Ƙyastu mai lafiya yana da kamar om 2 zuwa 3. In turjiya ta yi yawa, waya ta tsinke ko mahaɗi ya sassauta. In ta yi kaɗan, wayoyi 2 sun taɓa juna. Sai fitila ta ƙi mutuwa, ko ta kama ana cikin tafiya. Ma'anarta ita ce: ran da aka yi karo, mai yiwuwa jaka ba za ta buɗe ba.

Yadda makaniki yake bin sawu

1. Yakan tambayi direba: yaushe fitilar ta fara? An ja kujera baya? An wanke cikin mota da ruwa?
2. Yakan auna batir, don batir mai rauni ma yana sa fitilar ta kama.
3. Yakan jona na'urar bincike a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Na'urar ta nuna lambar ɓacin, ta faɗi gefen da yake, dama ko hagu.
4. Yakan kashe mota, ya cire wayar batir, ya jira aƙalla minti 1 da rabi. Wasu motocin sai an jira fiye da haka, don kwamfuta tana riƙe sauran wuta.
5. Yakan duba ƙarƙashin kujera. Mahaɗan jakar iska rawaya ne, don kada a ruɗe su da sauran. Sau da yawa a nan ɓacin yake. Jan kujera gaba da baya yana gajiyar da waya. Kayan da ake cusawa ƙarƙashi suna fizge mahaɗi. Ƙurar hunturu da ruwa suna kawo tsatsa, ɓera kuma yana cin waya.
6. Bayan gyara, yakan mai da batir, ya goge lambar ɓacin, ya kunna. In fitila ta kama ta mutu, aiki ya yi.

Makaniki na ƙwarai ba ya ɗora ma'aunin om a kan ƙyastu, don ƴar wutar ma'aunin tana iya tashin jakar a fuskarsa.

Gyaran ƙarya

Wasu sukan cire ƙwan fitilar, ko su liƙe ta da baƙin tef, ko su sa wani ɗan abu da zai yaudari kwamfuta. Direba ya biya kuɗi ya tafi da murna, alhali jakarsa a mace take. Wannan kamar a ɗaure bakin kare ne don a yi barci, ɓarawo kuwa yana cikin gida.

Yara, in kun shiga mota ku ɗaura bel, kada ku jingina kai da ƙofa, kada ku taɓa mahaɗi mai launin rawaya. In kun ga fitilar nan ta ƙi mutuwa, ku gaya wa direba cikin ladabi.

Tambayoyi

1. Don me bugun gefe ya fi cutar da mutum?
2. Faɗi abubuwa 3 da suke aiki tare don jaka ta buɗe.
3. Don me ake jira bayan an cire batir?
4. Me ya sa liƙe fitila ba gyara ba ne?