Gado da Gyara: Yadda Ake Tsara Harshen PHP a Cikin Kwantena

A cikin shekarun 1880 wani masanin halittu Bajamushe mai suna August Weismann ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye, iyaye da 'ya'ya da jikoki, har zuriya biyar. Duk da haka kowane ɓera da aka haifa da wutsiyarsa ya zo duniya. Abin da aka yi wa jiki daga waje ba ya bin zuriya, sai abin da ke rubuce cikin ƙwayar gado. Wannan ƙa'ida za ta taimaka mana wajen fahimtar wani al'amari na kwamfuta, wato yadda ake tsara harshen PHP a cikin kwantena.

PHP harshe ne da ake rubuta umarni da shi domin gina shafukan intanet. Rasmus Lerdorf ne ya fito da shi a 1995. Yana aiki ne a kan babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin: ya karɓi buƙatar mai karatu, ya ɗauko bayani daga rumbu, ya shirya shafi ya aika. Da shi aka rubuta manhajar WordPress, da Moodle ta koyarwa, da kuma MediaWiki, wadda Wikipedia ta Hausa ke gudana a kanta.

Shi kuwa kwantena, an aro sunansa ne daga akwatunan ƙarfe na jiragen ruwa, waɗanda ake ɗorawa kan mota ko jirgin ƙasa ba tare da an buɗe su ba. A fagen kwamfuta, kwantena wani keɓaɓɓen wuri ne da ake zuba manhaja tare da dukan abin da take buƙata, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Kamar yadda ƙwayoyin halitta ke zaune a jiki ɗaya amma kowace da fatar da ta kewaye ta, haka kwantenoni da yawa ke amfani da zuciyar tsarin Linux guda, kowanne a cikin shingensa. Manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, ita ta yaɗa wannan dabara.

To, daga ina kwantena yake fitowa? Ana fara rubuta wani ɗan fayil mai suna Dockerfile, a jera umarni layi bayan layi. Daga wannan fayil ake gina samfuri, daga samfurin kuma ake fitar da kwantenoni, ko ɗaya ko ɗari. Ke nan Dockerfile shi ne ƙwayar gado, kwantena kuwa jiki ne mai ƙarewa.

Samfurin PHP da Docker ke bayarwa yakan zo ne da ƙa'idojinsa na asali. Alal misali, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 2, ba ya barin shiri guda ya ci fiye da megabait 128 na ƙwaƙwalwa, kuma yakan tsayar da aikin shafi bayan daƙiƙa 30. A fayil mai suna php.ini ake sauya waɗannan ƙa'idoji, ko kuma a ajiye ƙaramin fayil na gyara a ma'ajiyar da ake kira conf.d.

Bayan tsarawa sai ƙari. Akwai ayyukan da PHP ba ya iyawa sai an haɗa masa wasu sassa. Sashen gd shi ke rage girman hoto, pdo_mysql kuwa shi ke magana da rumbun bayanai na MySQL. Domin sauƙaƙa wannan, samfurin yana ɗauke da umarni uku: docker-php-ext-configure na shirya sashe, docker-php-ext-install na girka shi, sai docker-php-ext-enable na kunna wanda aka samo daga wani wuri, kamar taskar PECL.

Yanzu mu ɗauka wata makaranta ta buɗe shafin da ɗalibai za su riƙa aika hotunansu na rajistar jarrabawa. Hoton wayar hannu sau da yawa yakan wuce megabait 2, saboda haka shafin ya ƙi karɓa. Malamin kwamfuta ya shiga cikin kwantenan da ke aiki, ya ɗaga iyakar da hannunsa, komai ya daidaita. Bayan mako biyu aka sabunta manhaja, aka rushe tsohon kwantena, aka fitar da sabo daga samfurin. Sai matsalar ta dawo, watakila ma a ranar rufe rajista. Malamin ya yanke wutsiya ne kawai, bai taɓa gado ba. Da a Dockerfile ya rubuta gyaran, ya sake gina samfurin, da kowane sabon kwantena ya zo da shi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a ƙara kiyayewa. Na farko, a ambaci lambar fitowar PHP da ake so a layin farko, misali php:8.3-apache, domin PHP na 8 da ya fito a 2020 ya watsar da wasu tsofaffin umarni, kuma shirin da aka rubuta da su yana iya tsayawa. Na biyu, kada a bar hotuna da sakamakon ɗalibai a cikin kwantena. A keɓe musu ma'ajiya ta waje, wadda ba ta rushewa tare da shi.

Ɗalibin da ya saba rubuta matakan gwaji a littafinsa na ɗakin bincike, domin wani ya maimaita ya sami sakamako iri ɗaya, ya riga ya san rabin wannan aiki. Saura ya sami kwamfuta, ya rubuta Dockerfile na layi huɗu ko biyar, ya rushe kwantenan da gangan, ya sake fitar da shi, ya ga abin da ya dawo da abin da ya ɓace.