Rubuta tarihin Zariya a Wikipedia: Hujjar da ake nema daga sabon marubuci

Duk wanda ya mallaki wayar salula ko kwamfuta mai haɗe da intanet yana iya shiga kundin ilmi na Wikipedia ya yi gyara. Sai dai ba kowane rubutu ne ke kwana a cikinsa ba.

Sababbin marubuta kan wayi gari su tarar an share abin da suka rubuta game da garinsu, ko an liƙa masa alamar nan mai cewa ana buƙatar hujja, alhali kuwa sun haƙiƙance gaskiya suka faɗa. Birnin Zariya, wanda wani sashe na tarihinsa ke cikin littattafai, wani sashen kuma ke bakin dattawa, ya isa misali wajen fahimtar dalilin haka.

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka kafa Wikipedia ranar 15 ga watan Janairun 2001, kuma ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, ciki har da Hausa. Gidauniyar Wikimedia da ke Amurka ita ke kula da na'urorin da ke ɗauke da shi, amma 'yan sa kai ne ke rubuta maƙaloli suna kuma tace su. Kowane sashe na harshe yana da ikon tsara dokokinsa, ko da yake ginshiƙan kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Me ya sa sanin mutum bai wadatar ba?

Babban ginshiƙi shi ne mai karatu ya iya bin sawun kowace magana har ya kai ga tushenta. Haifaffen Limancin Kona ko Kwarbai yana iya sanin sunayen limaman unguwarsu tun daga kaka da kakanni, amma mai karatu a Maraɗi ko Kumasi bai san shi ba, sau da yawa ma da sunan aro yake rubutu. Saboda haka ba a tambayar wane ne ya rubuta. Abin da ake tambaya shi ne a ina aka taɓa wallafa maganar.

Ginshiƙi na biyu ya hana mutum kawo binciken kansa. Ko da ya zagaya ganuwa da ƙafa tun daga Ƙofar Doka, ya bi ta Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan ya auna tsawonta, ba zai sa sakamakon ba sai an buga shi a wani wuri tukuna.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san ba a karɓar ruwaya sai da isnadi, kuma masu ruwaya suna da daraja hawa-hawa. Bambancin shi ne, a Wikipedia ba halin mutum ake aunawa ba. Ana duba gidan da ya buga maganar ne: shin yana da editoci masu tacewa, kuma an san shi da gyara kuskure idan ya yi?

Da wannan ma'auni, littafin da sanannen kamfanin ɗab'i ya buga, da mujallun masana, da jaridu da gidajen rediyo masu editoci, duk hujja ne. Rubutun da mutum ya ɗora a Facebook, ko saƙon da ke yawo a WhatsApp, ba hujja ba ne komai yawan masu yaɗa shi. Ita ma Wikipedia ba ta zama hujja ga kanta. Kundin digirin digirgir ana karɓarsa da taka-tsantsan, na digirin farko kuwa ba a dogara da shi.

Akwai zaton da ke sare gwiwar mutane da yawa, cewa dole hujja ta kasance a intanet ko kuma cikin Turanci. Ba haka ba ne. Littafin Hausa da ke kan kanta a ɗakin karatu hujja ne cikakkiya, muddin aka faɗi sunan mawallafi, da sunan littafin, da kamfanin da ya buga shi, da gari, da shekara, da lambar shafi.

Ta wannan fuska Zariya ta yi wa garuruwa da dama fintinkau. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ga kuma Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Abin lura kawai shi ne tsofaffin littattafai ba su da lambar ISBN, wadda sai wajen 1970 aka fara amfani da ita a duniya, don haka na'ura ba za ta cike bayanansu da kanta ba, sai marubuci ya shigar da hannu.

Sarauniya Amina da saɓanin littattafai

Inda aikin ya fi wuya shi ne inda hujjojin kansu suka saɓa, kuma babu misalin da ya kai na Sarauniya Amina.

Shafukan intanet da yawa kan ce an haife ta a 1533 ta rasu a 1610, kamar dai wani ya ga takardar haihuwarta. Amma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda aka buga fassararsa a 1952, ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, shi kuwa wannan mulki ana sanya farkonsa ne a wajajen 1536. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai tazarar fiye da shekara 100. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi bayanin yaƙe-yaƙenta a cikin Infaƙul Maisuri. Jerin sarakunan Haɓe na Zazzau da aka buga tun zamanin Turawa kuwa, mai ɗauke da suna kimanin 60, babu sunanta a ciki.

To, me sabon marubuci zai yi? Ba aikinsa ba ne ya zaɓi ruwayar da ta kwanta masa a rai ya binne sauran, ba kuma aikinsa ba ne ya sasanta su da hasashen kansa, alal misali ya ce ai Amina biyu aka yi. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya ce littafi kaza ya ce kaza, wancan kuma ya ce kaza, sa'an nan ya kawo abin da masana tarihi na baya-bayan nan suka fahimta, kowace magana da manazartarta. Wannan shi ake kira rashin ɗaukar ɓangare. A gaskiya maƙalar da ta nuna saɓanin ta fi amfani ga ɗalibi a kan wadda ta ba shi shekaru biyu ya haddace.

Haka abin yake game da shekarar da Malam Musa ya ci Zariya da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu littattafai sun ce 1804, wasu kuma ƙarshen 1808. Duka sai a ambata, a faɗi mai kowace magana.

Labaran yau da kullum ma ba su tsira ba. Lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na birni ya rufta ana sallar la'asar ranar Juma'a 11 ga watan Agustan 2023, adadin waɗanda suka rasu ya yi ta sauyawa daga rahoto zuwa rahoto. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar alƙaluman sa'o'in farko ya bar su haka nan, ya bar kuskure a kundin. Tarihin ginin kuwa yana da hujjoji masu ƙarfi: aikin Babban Gwani Malam Mika'ila ne a zamanin Sarki Abdulkarimu, J. C. Moughtin ya yi bayaninsa a littafin Hausa Architecture na 1985, shi kuma Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna shi har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Abin da ke bakin dattawa

Babban ƙorafin da ake yi wa wannan tsari, kuma ƙorafi ne mai tushe, shi ne ya fifita al'ummar da ta daɗe da injin ɗab'i. Abin da baturen mulki ya ji daga bakin tafinta ya rubuta a rahotonsa ya zama hujja, amma abin da jikan mai labarin ya ji a zauren gidansu bai zama ba. A 2011 wani mai bincike ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada naɗar maganar mutane a Indiya da Afirka ta Kudu don a riƙa kafa hujja da ita, amma hakan bai sauya dokar sashen Turanci ba.

Hanyar da ta rage ita ce a mayar da maganar baka rubutacciya. Misalinta a ƙasar Zazzau aka yi shi: Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba, a 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Yau duk mai rubutu kan aure ko zaman gidan Bahaushe na wancan zamani yana iya kafa hujja da maganar Baba. Mai tsohon kundin ajami a gidansu, ko mai kakan da ya san tarihin marina da maƙera na birni, zai fi cin riba idan ya kai wa masu bincike na jami'a ko 'yan jarida, a tantance a buga, daga nan ƙofar Wikipedia ta buɗe.

Doka ta fi tsanani a kan mutanen da ke raye. An tsaurara ta ne bayan 2005, lokacin da wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, yana alaƙanta shi da kisan John Kennedy da ɗan'uwansa Robert, ƙaryar kuma ta shafe kusan wata 4 ba a cire ta ba. Saboda haka zargi marar hujja a kan mai rai nan take ake share shi. Wannan ya shafi batutuwa irin na gadon sarautar Zazzau a 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris a watan Satumba da naɗin Ahmad Nuhu Bamalli a watan Oktoba, al'amarin da ya jawo muhawara har ya kai ga kotu. A garin da ke da gidajen sarauta 4, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, marubucin da ke da dangantaka da ɗaya daga cikinsu ana so ya bayyana hakan, ya kuma bar kirari da zuga ga maroƙa.

Mahaɗi: Wace Abuja ake nufi?

Ɓangare na biyu na aikin shi ne mahaɗi, wato kalmomin nan masu launin shuɗi da ke kai mai karatu wani shafin idan ya latsa. Sa shi ba wuya. Sa shi daidai ne ke buƙatar sanin tarihi.

Bayan jihadi, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya yi kudu, daga bisani ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja. Marubucin da ya haɗa kalmar Abuja ta wannan labari da shafin babban birnin Najeriya ya ɓatar da mai karatu, ko da kuwa jimlarsa daidai take.

Irin waɗannan tarkuna suna da yawa. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano. Sunan Nuhu Bamalli yana iya nufin marigayi Magajin Garin Zazzau, tsohon ministan harkokin waje, ko kwalejin kimiyya da fasaha da aka sa wa sunansa. Masu suna Smith kaɗai 3 ne a tarihin Zazzau: Mary da aka ambata, da mijinta M. G. Smith mai littafin Government in Zazzau na 1960, da Abdullahi Smith wanda ya kafa Gidan Arewa a 1970. Manazartar da ta ce Smith kawai ba ta shiryar da kowa ba.

Mahaɗi mai launin ja yana nufin ba a riga an rubuta shafin ba, kuma ba laifi ba ne idan batun ya cancanci shafi nan gaba. Maƙalar da babu wani shafi da ke kaiwa gare ta ana kiranta marainiya, domin da wuya mai karatu ya isa wurinta. Wanda ya rubuta kan wata ƙofa ta birni sai ya koma shafin Zariya ya haɗa su. Ba a kuma son a cika shafi da shuɗi: sau ɗaya ya isa ga kowane suna, kalmomi gama-gari kamar ruwa ko gida kuwa ba sa buƙata.

Mahaɗin da ke kaiwa waje yana da tasa cutar, wato mutuwa. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan intanet da ke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara 10, kuma kashi 54 cikin 100 na shafukan Wikipedia na Turanci da aka duba suna da aƙalla mataccen mahaɗi ɗaya a sashen manazarta. Maganin shi ne a rubuta kanun labarin da sunan jaridar da kwanan wata, ba adireshi tsurarsa ba, a kuma adana kwafin shafin a rumbun Wayback Machine. Cibiyar Internet Archive, mai wannan rumbu, ta sanar a 2018 cewa an farfaɗo da matattun mahaɗai fiye da miliyan 9 a Wikipedia ta wannan hanya.

Wani sabon ƙalubale shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kan ƙago sunan littafi da mawallafi da lambar shafi da ba su taɓa wanzuwa ba. A 2025 sashen Turanci ya amince da share maƙalar da aka ga irin waɗannan alamu a cikinta ba tare da doguwar muhawara ba. Shi ma mai fassara maƙala daga Turanci zuwa Hausa, ana so ya ɗauko manazartar tare da rubutun, ya buɗe waɗanda zai iya buɗewa ya tabbatar sun faɗi abin da aka jingina musu. Idan duk da haka aka share aikinsa, kowace maƙala tana da shafin tattaunawa, inda zai kawo sunan littafin da lambar shafin, sauran editoci su duba.