Daga Ƙofar Dawanau zuwa kasuwar hatsi: Wane banki ne ke takara da wane?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dawanau a Kano da hantsi zai ga masu POS zaune a ƙarƙashin lema, ga kuma ’yan kasuwa na neman abin hawa zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina.

Ba abin mamaki ba ne a samu dillalin hatsi ɗaya da asusu uku. Da na farko yake karɓar kuɗin riɗi daga kamfanonin da ke fitar da shi waje. Da na biyu yake neman jari ba tare da kuɗin ruwa ba. Na uku kuwa a wayarsa yake, da shi yake sallamar direba da ’yan dako.

Wannan na nuna cewa bankuna ba duka suke kokawa a fili ɗaya ba. Kowanne yana da tsaransa. Masana harkar kasuwanci, musamman Michael Porter na Jami’ar Harvard a Amurka, sun daɗe da bayyana cewa kamfanonin da ke sana’a ɗaya sukan kasu rukuni-rukuni, gwargwadon jarinsu da irin mutanen da suke nema da hanyar da suke isa gare su. Takara ta fi zafi a cikin rukuni, kuma tsallakawa daga wannan zuwa wancan yana da wuya.

Manyan giwaye

Rukunin farko shi ne na First Bank da UBA da GTBank da Access da Zenith. Suna da rassa a faɗin Najeriya da ƙasashen waje, kuma manyan kamfanoni da gwamnatoci da masu cinikin dala suke zawarci.

Katangar da ke kare su ita ce jari. A 2004, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, abin da ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25. A 2010, Sanusi Lamido Sanusi ya raba lasisi gida uku: na ƙasa da ƙasa, na ƙasa, da na yanki.

A watan Maris na 2024 kuma, Olayemi Cardoso ya ƙara tsawon katangar: biliyan 500 ga na ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, tare da wa’adi zuwa 31 ga Maris, 2026.

Matsakaita: tsaka mai wuya

Matsakaitan bankuna ne suka fi jin jiki, domin ba su kai manya ƙarfi ba, ba su kuma kai manhajojin waya sauri ba.

Kano ta san wannan labarin. Bank of the North, wanda hedikwatarsa ke birnin, yana cikin bankuna tara da suka narke suka zama Unity Bank a 2006. A watan Agustan 2024, Babban Banki ya amince Unity ɗin ma ya haɗe da Providus. Bankin Heritage kuwa lasisinsa aka soke a watan Yunin 2024.

Bankunan da ba sa cin ruwa

Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. TAJBank ya biyo baya a 2019, sai Lotus a 2021. Ba girma suke sayarwa ba, natsuwar zuciya suke sayarwa ga wanda ke gudun riba.

A tsarin murabaha, misali, banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa ɗan kasuwa da ƙarin da aka amince da shi tun farko, a biya a hankali. Jarin da aka ɗora musu biliyan 20 ne ga na ƙasa, biliyan 10 ga na yanki. Saboda haka babban abokin hamayyar Jaiz a Kano shi ne TAJ, ba Zenith ba.

Baƙin da suka haura katanga

OPay da PalmPay da Moniepoint ba su tara biliyan 500 ba, ba su kuma cika gari da rassa ba. Da lasisin hada-hadar kuɗi ta waya ko na ƙaramin banki suka shigo, suka mayar da mai POS reshensu.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya buɗe musu ƙofa, lokacin da tura kuɗi ta manhajojin wasu manyan bankuna ya riƙa maƙalewa. Sai dai a watan Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da su daga buɗe sabbin asusu na wasu makonni, don su gyara yadda suke tantance masu hulɗa da su.

Me ya shafi mai ajiya?

Rukunin banki ne ke nuna yawan kuɗin da ke da kariya idan banki ya durƙushe. Tun 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, amma miliyan 2 ne kawai a ƙaramin banki. Masu ajiyar Heritage da kuɗinsu ya haura miliyan 5 sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin kafin su fara ganin ragowar.

A lokacin kaka, kuɗin tirela ɗaya ta riɗi ya ninka wannan adadi sau da yawa. Don haka ɗan kasuwar da ya bar cinikin mako guda a asusu ɗaya saboda kawai alat ɗinsa na shigowa da wuri, ya kamata ya tambayi irin lasisin da ke bayan wannan asusun kafin ya kwanta barci.