Ƙwallayen Da Suka Zubo Daga Aljihun Ɗiyata

Wata Asabar a farkon Oktoba, uwar yarana tana zazzage aljihunan kayan wanki, sai ga ƙwallaye bakwai sun zubo daga rigar sanyin autarmu. Farare-farare ne, ba su kai goro girma ba, wasu da sauran baƙar kwasfa a jikinsu. Ɗaya a fashe yake, cikinsa wayam.

"Ke, ina na cikin wannan?"

"Na cinye, Umma. Ai kurege ma yana ci."

A ko'ina wannan amsa za ta ɗaga hankalin uwa, balle a jihar Ohayo ta Amurka. Itacen da jihar take taƙama da shi, wanda suke kira bakai, 'ya'yansa guba ne ga mutum da shanu. Tun saukarmu Kolumbus aka ja mana kunne a kansa. Cin kurege kuwa ba hujja ba ce, cikinsa daban, namu daban. Na buga wa masu ba da shawara kan guba waya, suka ce a sa wa yarinyar ido, a kuma gano ko wane itace ne.

Na baje ƙwallayen a faranti. Ɗan bakai sumul yake, yana sheƙi kamar jan goro, da farin tabo a gefe mai kama da idon barewa, daga nan ma sunansa ya samo asali. Fatarsa siririya ce, cikinsa dunƙule guda. Waɗannan kuwa ɓawonsu tauri ne da shi kamar ƙwallon aduwa, da layuka huɗu daga kai zuwa gindi, kuma wanda aka fasa ɗin cikinsa ɗaki-ɗaki ne. Na ɗan samu sauƙi, amma ban yarda da idona kaɗai ba. Na ce wa yarinyar ta kai ni gindin itacen.

A bakin kurmin da ke bayan unguwarmu yake. Na tsinko ganye na ƙirga: ƙananan ganye biyar a kara ɗaya. Gabana ya faɗi, domin na bakai ma biyar ne. Ashe bambancin a jeri yake. Na bakai duk daga wuri ɗaya suke fitowa kamar yatsun hannu, irin na kuka. Wannan kuwa jerin darbejiya gare shi, biyu-biyu suna kallon juna, babba ɗaya a ƙarshe. Na duba ƙasa, kwasfa ko'ina, kowace ta tsage gida huɗu. Wannan ya fitar da baƙar gyaɗar itace da ke yankin, wadda kwasfarta ba ta tsagewa, kuma takan rina hannu ya fi lalle kamawa. Abin da ya rage shi ne hikori, dangin da masana tsirrai ke kira Carya. A duk danginsa babu mai guba.

Da na dawo gida sai wata sabuwa ta taso. Na sa guduma na fasa biyu. Na farko garɗi, mai maiƙo, har da ɗan zaƙi. Na biyu ina tauna shi bakina ya ɗaure da ɗaci da bauri, kamar na tauna bagaruwa.

"Baban yara, a zubar da su. Abu mai wannan ɗaci ai ba na ci ba ne."

Ban yi mata musu ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya itace ɗaya zai haifi mai daɗi da mai ɗaci?

Kashegari na koma tare da wani dattijo maƙwabcinmu, haifaffen jihar. Bai ko kalli ƙwallayen ba, jikin itacen ya shafa. Ɓawonsa ya ɗaɗɗago dogo-dogo yana reto kamar tsumma. Wannan, in ji shi, shi ne shagbak, sarkin daɗi a cikinsu. Sai ya taka kaɗan ya janyo reshen wani itace da rassansa suka shiga cikin na farkon, ya nuna mini tohonsa: rawaya kamar farar wuta. Jikin wannan bai ɗago ba, ƙananan ganyensa bakwai zuwa tara ne, kwasfarsa siririya, rabi kawai take tsagewa. Shi ne hikori mai ɗaci. Ɗacin nasa daga sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwar jima, ba ya kisa, sai dai ba ya ciyuwa. Yarinya ta tsinci na itace biyu a inuwa ɗaya.

Daga ranar na riƙe alamar: kwasfa mai kauri da ta buɗe gida huɗu har gindi, ita nake ɗauka. Wanda na ga ɗan rami a jikinsa na bar shi, tsutsa ta riga ni. Sauran a zuba a ruwa, yawancin masu tasowa sama holoƙo ne. Masu nutsewa a shanya su mako biyu ko uku, ƙwayar ta fi saurin barin ɓawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanen ƙasar na asali suka raba kansu da wahalar tsince ƙwayar. 'Yan ƙabilar Ceroki sukan daka ƙwallon a turmi har da ɓawonsa, su cura shi kamar fura, su dama a ruwan zafi su tace. Kanuci suke kiransa, kuma har yau ana yi a Oklahoma. Kalmar hikori kanta daga sunan irin wannan madara ta fito, a harshen mutanen Fawhatan na Bajiniya. Mun gwada da turminmu da rariya, muka zuba shinkafa a ciki. Uwar yaran da ta ce a zubar, ita ta fara cewa ɗan'uwan kunun gyaɗa ne.

Ɗan'uwa mazaunin gabashin Amurka, in kaka ta yi ka ga irin waɗannan ƙwallaye a ƙasa, ɗaga kai ka duba jerin ganyen kafin ka kai baki. Mai sheƙi kamar jan goro kuwa, kada ka bari yaro ya ɗanɗana shi.