Firanjifani: Yadda Sandar Reshe Take Zama Bishiya

A cikin wani watan Maris, wani tsohon ɗalibina wanda yanzu yake koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ya same ni a ofis da damuwa. An yanke shawarar gina ɗakin jarrabawa a makarantarsu, kuma filin da aka zaɓa shi ne inda wata tsohuwar bishiyar firanjifani take, mai farin fure da ɗorawa a tsakiya. Ya ce, "Malam, nan da mako uku za a sare ta. Na duba ko'ina a jikinta ban ga 'ya'ya ba, balle in sami iri. Shin akwai yadda za a yi?" Na ce masa akwai, kuma abin da yake bukata bai wuce wuƙa mai kaifi da yashi da tukwane da haƙuri ba. Na kuma gargaɗe shi cewa a cikin waɗannan huɗu haƙurin ne ya fi wuyar samu, domin ni kaina na taɓa rasa shi.

Mai karatu zai iya gane wannan bishiya ko da bai san sunanta ba. Ana yawan ganin ta a harabar tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata. Rassanta kaurara ne masu laushi, launin toka-toka, ganyenta dogaye sun taru a ƙarshen reshe, furenta kuwa kunne biyar gare shi, kowane ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, ga ƙamshi mai ƙaruwa da dare. Idan hunturu ya kama sai ta kakkaɓe ganyenta, ta tsaya tsirara kamar ta mutu.

Asalinta da danginta

Baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta ƙasar Meziko ce da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, daga can aka yaɗa ta zuwa sauran ƙasashe masu zafi. Masana suna kiran jinsinta Plumeria, don tunawa da Charles Plumier, wani Bafaranshe masanin tsirrai da ya rayu daga 1646 zuwa 1704, wanda ya yi tafiya sau uku zuwa yankin Karibiyan yana tattara tsirrai yana zana su. Shi kuwa sunan firanjifani an ce ya samo asali ne daga wani babban gida na ƙasar Italiya, wanda wani ɗansa ya haɗa turaren shafa wa safar hannu. A yau furen shi ne furen ƙasa na Nikaraguwa da na Lawos, kuma a tsibiran Hawai, inda aka kai shi a 1860, ana shirya shi a zare a rataya wa baƙo a wuya.

Duk da baƙuncinta, tana da 'yan'uwa a dajinmu. Danginsu ɗaya da kariya da tumfafiya, wato dangin Apocynaceae. Wanda ya taɓa karya ganyen tumfafiya ya ga farin nono yana tsattsafowa, to irinsa zai gani a reshen firanjifani, kuma hattarar da ake yi da wancan ita za a yi da wannan. Nonon yana sa ƙaiƙayi a fata, yana kuma yi wa ido illa. Malamin da zai sa ɗalibai wannan aiki ya tanadi ruwa da sabulu kusa, kuma ya hana su murza ido kafin su wanke hannu.

Nau'in da aka fi gani shi ne Plumeria rubra, mai tsinin ganye, wanda furensa kan zo fari ko ɗorawa ko ja ko gauraye. Akwai kuma Plumeria obtusa, mai ganye kore shar da sheƙi, wanda ƙarshensa a kewaye yake, ba ya kuma saurin zubar da ganye kamar na farkon.

Me ya sa ba a cika ganin irinta ba?

Tambayar ɗalibina tana da amsa mai ban sha'awa. Furen firanjifani mayaudari ne. Ƙamshin da yake bazawa da dare kira ne ga wasu manyan faɗa-wuta masu dogon baki, waɗanda suke zuwa neman ruwan zaƙi. Amma furen ba shi da ruwan zaƙi ko ɗigo. Ƙwaron zai zura bakinsa bai sami kome ba, ya tashi ya gwada na gaba, a haka ne yakan kwashi garin fure daga wannan ya kai wa wancan. Wani masani mai suna William Haber ya bayyana wannan yaudara a 1984, bayan binciken da ya yi a ƙasar Kosta Rika. Tun da ƙwaron ba ya daɗewa a wurin da ba a ba shi lada, kaɗan ne daga cikin furannin suke yin 'ya'ya, ko a ƙasarsu ta asali.

Idan an yi dace, 'ya'yan sukan fito biyu-biyu kamar ƙahonin sa, su yi wata takwas ko fiye kafin su nuna su fashe. Amma ko da an sami irin, akwai matsala biyu. Tsiron da ya fito daga iri yakan yi shekara uku ko fiye kafin ya yi fure. Sa'an nan kuma, da yake irin ya haɗa gadon uwa da na uba, babu tabbacin furen zai yi kama da na bishiyar da aka ɗauko shi. Reshe kuwa sashe ne na jikin uwar, ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, don haka launi da ƙamshin da aka sani su za a samu. Wannan ba sabon ilimi ba ne ga manomin ƙasar Hausa. Da kara yake dasa rogo da rake, da reshe kuma yake kafa shingen aguwa da dashi da bini-da-zugu.

Yankan reshe da shanya shi

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, daga Maris zuwa farkon Mayu, sa'ad da bishiyar take farkawa daga hutun hunturu. Saiwa tana son ƙasa mai ɗumi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Reshen da aka dasa a sanyin Disamba yakan zauna shiru ba motsi, wanda aka dasa a tsakiyar marka kuwa ruwan Agusta yakan ruɓar da shi.

A zaɓi reshe lafiyayye mai tauri, wanda fatarsa ta riga ta zama toka-toka, mai tsawon santimita 30 zuwa 45, wato kamar kamu ɗaya. Ɗanyen toho kore bai tara isasshen abinci ba. A wanke wuƙa, a yanke shi sau ɗaya ba tare da dagargaza bakin ba. A cire dukkan manyan ganyaye, domin ta cikin ƙananan ƙofofin ganye tsiro yake zubar da ruwa, reshen kuwa ba shi da saiwar da zai mayar da abin da ya rasa. Idan akwai gungun fure a kansa shi ma a cire, ko da yake na san da ciwo.

Daga nan sai matakin da mutane suka fi ƙin yarda da shi: a ajiye reshen a inuwa, inda iska take kaɗawa, a ƙyale shi mako ɗaya zuwa biyu ba ruwa ba ƙasa. Mai gida zai ga kamar an bar shi ya mutu ne. Ba haka ba ne. Reshen firanjifani rumbu ne na ruwa da abinci, yana iya yin makonni a haka. Abin da yake faruwa a wannan lokaci shi ne, nonon yana bushewa, ƙwayoyin halittar da suke bakin yankan suna shafe jikinsu da wani sinadari mai hana ruwa wucewa da ake kira subarin, har wurin ya yi ɓawo kamar yadda miki yake yi a jikin mutum. Ɗanyen yanka ƙofa ce a buɗe ga funfuna da bakteriya da suke cikin ƙasa. Idan aka taɓa bakin aka ji ya bushe ya yi tauri, to ƙofar ta rufu.

Yadda reshe yake sanin samansa da ƙasansa

Nan ne darasin ya fi daɗi ga ɗalibin kimiyya. A 1878 wani Bajamushe mai suna Hermann Vöchting ya rataye yankakkun rassan wata bishiyar bakin rafi a wuri mai laima, wasu a miƙe, wasu a juye. Ya tarar cewa ko yaya aka rataye reshe, saiwa tana fita ne ta gefen da yake kusa da gindin uwar, toho kuma ta gefen sama. Ba a gane dalili ba sai bayan shekaru kusan hamsin, lokacin da Frits Went na ƙasar Holan ya nuna a 1926 cewa kan tsiro yana samar da wani sinadari mai sarrafa girma, wanda aka sa wa suna oksin. Wannan sinadari hanya ɗaya yake bi a cikin kara, daga kai zuwa gindi. Idan aka yanke reshe sai ya gangaro ya taru a bakin yankan, tun da ba shi da wurin wucewa. Taruwarsa ita take sa ƙwayoyin halittar da suke tsakanin ɓawo da itace su shiga rarrabuwa, su haifar da saiwa a inda da babu ita. A 1934 Went da abokin aikinsa Kenneth Thimann suka tabbatar da wannan aiki na oksin, a shekara mai zuwa kuma wasu masana a Amurka suka nuna cewa sinadarin da ake kira IBA yana yin aiki irin nasa. Shi ne yake cikin garin sa saiwa da ake sayarwa a wuraren rainon tsirrai. Wanda ya samu ya dangwala bakin reshen a ciki kafin dasawa, yana taimakawa musamman ga mai jan fure, wanda ya fi taurin kai. Fari da ɗorawa sukan kama ba tare da shi ba.

Amfanin wannan bayani a aikace shi ne, idan aka yanka dogon reshe gida biyu ko uku, a yi wa gindin kowane alama da alli. Wanda aka dasa a juye ba zai yi abin kirki ba.

Dasawa, da kuskuren da na yi

A samo tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Na fi son ta a kan baƙar roba, domin tana numfashi, kuma ba ta dafa saiwa a ranar Afrilu. A cika ta da yashi mai tsakuwa kashi biyu, da ƙasar lambu kashi ɗaya. A guji laka da ɗanyen taki. A binne gindin reshen zurfin santimita 7 zuwa 10, a danne ƙasar, a kafa masa sanda a ɗaure, domin ƙananan saiwoyinsa suna da saurin tsinkewa idan iska tana girgiza shi. A ɗora tukunyar a kan bulo saboda gara, a wurin da take samun ranar safe da inuwar azahar. A ba shi ruwa sau ɗaya sosai. Daga nan a janye hannu.

Karo na farko da na gwada wannan aiki na dasa rassa goma sha biyu a bayan gidana, ina kuma ba su ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi wa tumatir. Bayan mako uku sai na ga fatar wasu ta yamutse. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Da na tuge ɗaya na ga gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi, yana wari. Biyu kaɗai suka tsira, su ma don suna can ƙarshen layi ne inda nake ƙiwar kai bokiti. Ga ni da digiri a ilimin tsirrai, amma sai da wani dattijo mai kula da lambu ya tuna mini cewa abin da ba shi da baki ba a ɗura masa ruwa. Gaskiya ya faɗa. Reshen da bai yi saiwa ba ba ya shan ruwan da aka zuba, ruwan yana kwanciya ne ya kore iskar da take cikin ƙasa, ya kuma yi wa funfuna shimfiɗa.

Saboda haka, a bazarar ƙasarmu, ɗan yayyafi sau ɗaya a mako ya isa, shi ma sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe ƙayau. Idan gindin ya fara laushi, a tuge reshen, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga farin nama mai fitar da nono, a sake shanya shi daga farko. Sau da yawa ana ceto shi ta haka.

Saiwa takan fito cikin mako huɗu zuwa takwas. Kada a riƙa tuge reshen don a duba. Ƙananan ganyaye masu kama da farce da suke leƙowa a kansa ba shaida ba ne, domin da guzurin da yake jikinsa ya yi su. Sai an ga ganye biyu ko uku sun buɗe sun kai tsawon tafin hannu, sa'an nan a fara ba shi ruwa a kai a kai, a kuma matsar da shi cikin rana sannu a hankali. Bishiyar da ba ta samun rana ta sa'a shida a yini ba ta cika yin fure ba. Da damina a riƙa duba bayan ganye. Idan aka ga wani gari ruwan lemo, to cutar tsatsa ce da wata funfuna mai suna Coleosporium plumeriae take kawowa. A tsinke ganyen da ya kamu, a tattara waɗanda suka zube a ƙone. Ba ta cika kashe bishiya ba, amma tana raunana ƙarami.

Na shawarci ɗalibina ya mai da aikin darasin aji, ya kuwa yi. Ya raba rassan gida huɗu: waɗanda aka shanya da waɗanda aka dasa ɗanye, kowane kuma aka kasa shi biyu, masu shan ruwa kullum da masu sha mako-mako. 'Yan aji biyar suka riƙa rubuta abin da suka gani a littafi kowace Litinin. An sare tsohuwar bishiyar a ranar da aka sa. Da ruwa ya sauka a watan Yuni, suka fasa tukwanen waɗanda suka kama a hankali don kada saiwa ta tsinke, suka dasa su a jere a gaban sabon ginin, tazarar mita uku tsakanin kowace da 'yar'uwarta.