Ranar da Kwamfuta Ta Yi Min Ƙarya

Da na fara furojet ɗina na ajin ƙarshe a kan tsagewar ƙarfe, na ɗauka aikina kawai in rubuta firogiram, kwamfuta ta miƙo amsa. Ashe ban san dawan garin ba.

Lissafin tsaga a jikin ƙarfe yakan kai mutum ga intigiral mai ɗauke da 1/(t − x). Irinsa ne ma a lissafin fiffiken jirgin sama da Ludwig Prandtl na Jamus ya fitar wajen 1918. Ga inda gizo ke saƙar: idan tazarar t da x ta zama 0.001, wannan gaɓar ta koma 1000. Idan ta zama 0.000001, ta koma miliyan. In suka haɗu kuwa, ka raba da sifili ke nan.

Amma lissafin yana da amsa. Cauchy, masanin lissafi na Faransa, ya nuna cewa idan aka tunkari x daga hagu da dama daidai wa daida, manyan lambobin ragi na gefe ɗaya suna soke na ƙari na ɗaya gefen.

Ni kuwa na ɗauko dokar tarafiziyam da muka koya a aji, na jera ɗigogi, na ajiye x inda na ga dama. Ɗigo 10 ya ba ni amsa ɗaya, 20 ya ba ni wata, 40 kuma abin ya ƙara lalacewa. Malamin da ke duba aikina ya kalli takardar ya ce, "Kai, wannan hanyar taka ba ta da tsayuwa. Ko ɗigo dubu ka sa, ba za ta gyaru ba."

Hanya mai tsayuwa ita ce wadda ƙaramin kuskure, na awo ko na datse lambobi a kwamfuta, ba ya kumbura ya cinye amsar. Wadda ta cece ni ita ce ta Gauss–Chebyshev, da Erdogan da Gupta suka yi amfani da ita a 1972. Ana ɗora t a kan cos((2k − 1)π/2n), x kuma a kan cos(rπ/n). Ta haka kowane x yana faɗawa tsakanin t biyu, ba sa taɓa haɗuwa. Ɗigogin kuma suna cunkusuwa a bakin tsagar, inda matsi ya fi tsanani.

'Yan'uwa ɗalibai, kafin ku kai wa malam sakamako, ku ninka yawan ɗigoginku sau biyu, ku sake gwadawa. In amsar ta zauna wuri ɗaya, alama ce mai kyau. In tana tsalle, kada ku amince da ita. Yau maki ne kawai a kan layi, amma gobe da irin wannan lambar za ku ce ƙarfen da ya tsage zai iya ɗaukar kaya ko ba zai iya ba.