Goshin Shafi: Layin da Ke Hana Takarda Ɓata

Duk wanda ya taɓa kwance gafakar tsohon malami ya san littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba. Warƙa-warƙa ne, a jere cikin bangon fata, an ɗaure da igiya. Iska ta taso, ko yaro ya yi tuntuɓe da su, sai su watse. Marubutan sun san da haka, shi ya sa a ƙasan bayan kowace warƙa suke rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Masana rubutun Larabci suna kiran wannan kalma ta'aƙiba, kuma da ita masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce a wurare irin su Arewa House da ke Kaduna suke mayar da kowace warƙa gurbinta. A Alƙur'ani bugun Madina kuwa, mai shafi 604, saman kowane shafi yana ɗauke da sunan sura da juzu'i. Ko ina ka buɗe, ka san inda kake.

Wannan aikin ne ɗan layin saman shafi yake yi a takardun kwamfuta. Masu shagon buga takardu suna ce masa heda, ni kuwa na fi son in kira shi goshin shafi, domin da goshi ake gane mutum tun daga nesa. A nan ake sa sunan littafi, ko taken babi, ko sunan ma'aikata, ko lambar shafi. Ƙaninsa na ƙasa shi ne futa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan ƙaramin abu shi ne wahalar da na ga wata 'yar yayata ta sha. Kundinta na kammala digiri ta rubuta a Google Docs, rabi a waya, rabi a kwamfutar aro. A saman kowane shafi ta buga taken babi da lamba da hannunta, a cikin jikin rubutun, ta danna maɓallin sauka layi har ta tura abin inda take so. Shafi sama da sittin. Malamin da ke duba aikin ya ce ta ƙara sakin layi biyu a babi na ɗaya. Tana ƙarawa komai ya gangara: taken babi ya koma tsakiyar shafi, lamba ta 14 ta sauka a shafi na 15. Ta kira ni cikin dare muryarta na rawa, ta ce, "Kawu, aikin nan ya lalace." Bai lalace ba. Ba a taɓa gaya mata cewa goshin shafi ɗaki ne daban, ba ya cikin jikin rubutu.

A nan dukkan sirrin yake. Rubutun da kake bugawa kamar ruwa ne, yana gangarowa daga shafi zuwa shafi gwargwadon yawansa. Goshi kuwa a kafe yake a cikin farin filin da ke saman takarda. Sau ɗaya ake rubuta shi, manhajar ta maimaita shi a kowane shafi. Lambar shafi ma ba lamba ake bugawa ba, gurbi ake sakawa, manhajar ta riƙa ƙirgawa da kanta. Ka ƙara shafi goma a tsakiya, ƙirgen zai gyara kansa.

Shiga ɗakin ba wuya. A kwamfuta, danna sau biyu a farin filin da ke can saman shafi, sai wurin ya buɗe. Ana kuma samunsa a sashen saka abubuwa na jerin umarnin da ke sama. Mai son gajeriyar hanya ya riƙe Ctrl da Alt, ya danna O, sannan H. A waya kuwa sai an taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa an kunna tsarin bugawa, domin in ba haka ba manhajar ba ta nuna iyakar shafuka, balle goshinsu. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauka wayar ce ba ta iyawa.

Google Docs ya samo asali ne daga wata manhaja mai suna Writely, wadda wani ƙaramin kamfani a Amurka, Upstartle, ya fitar a 2005, Google ya saye ta a watan Maris na 2006. Tun asali don rubutu a intanet aka yi ta, inda babu takarda, kuma har yau wannan asalin yana leƙowa. A 2022 Google ya ƙara wani tsari mara shafuka, inda rubutu ke miƙewa ba yankewa. Wanda ya kunna shi zai ga goshi da futa da lambobi sun ɓace. Ba a goge su ba, an ɓoye su ne, tunda inda babu shafi babu goshin shafi. A koma saitin takarda a zaɓi tsarin shafuka, za su dawo yadda aka bar su.

Inda aikin ya fi daɗi, kuma inda aka fi ruɗewa, shi ne lokacin da ba a son goshi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Bangon kundi bai kamata ya ɗauki lamba ba. Wasiƙar ofis tambarin ma'aikata a shafin farko kawai take buƙata, sauran shafukan ɗan suna da lamba sun isa. Don haka aka tanadi wani ɗan akwati da ke bayyana da zarar an shiga goshi, wanda ke ware shafin farko. Ka sa masa alama, shafin farko ya samu nasa goshin, ko a bar shi fayau. Akwai kuma zaɓin raba shafukan mara da na cika, irin yadda ake yi a littafi: sunan marubuci a hannu ɗaya, taken babi a ɗaya hannun. Wannan sai ga abin da za a buga gaba da baya.

To, idan kowane babi ana son takensa a sama fa? A nan ake buƙatar yankan sashe, wanda ya bambanta da yankan shafi. Yankan shafi yana tura rubutu zuwa sabon shafi ne kawai, goshi bai san an yi ba. Yankan sashe kuwa katanga yake ginawa, ya raba takardar gida-gida. Amma ko an gina katangar, akwai ƙofa a buɗe: sabon sashe yana zuwa a ɗaure da na bayansa, yana gadon goshinsa. Sai an shiga goshin sabon sashen an cire alamar da ke haɗa shi da na baya, sannan a rubuta sabon take. Wanda ya rubuta kafin ya cire alamar zai waiwaya ya tarar babi na ɗaya ma ya koma babi na biyu. A kwance, sannan a rubuta. Da wannan katangar ce kuma ake sa ƙirge ya faro daga 1 a babi na ɗaya, bayan shafukan sadaukarwa da godiya da ƙumshiya.

Me ya kamata a zuba a goshi? Ra'ayina, kaɗan. Na sha ganin takardun ƙungiyoyi da aka cika samansu da tambari biyu, da taken ƙungiya, da adireshi, da sunayen shugabanni, a kowane shafi. Goshi idan ya yi kauri jikin rubutu yake turawa ƙasa, takarda mai shafi takwas ta koma goma, kuma kuɗin bugawa da shafi ake lissafa shi. Ƙa'idojin rubutun ilimi ma sauƙi suka bi. Tsarin APA, wanda sassa da yawa na jami'o'inmu ke amfani da shi, a bugunsa na 7 da ya fito a 2019 ya ce aikin ɗalibi lambar shafi kawai yake buƙata a kusurwar dama ta sama, sai in malami ya nemi ƙari. Maƙalar da za a aika wa mujalla ita ce ke ɗaukar gajeren take da manyan baƙaƙe, kada ya wuce harafi 50. Tsarin MLA kuma sunan ƙarshe na marubuci da lamba yake so, rabin inci daga bakin takarda. A yarjejeniyar ciniki ko takardar rabon gado, ina ba da shawarar a haɗa lamba da jimillar shafuka, a ga "shafi na 3 cikin 7". Manhajar tana da gurbin jimilla. Idan warƙa ɗaya ta salwanta, ko aka zare ta da gangan, nan take za a gane.

Tunda takardar a intanet take, duk wanda aka ba izinin gyara zai iya taɓa goshin, kuma taɓawa ɗaya ta shafi dukkan sashen. In hakan ta faru, tarihin gyare-gyare yana nuna wanda ya canza da lokacin, ana kuma iya komawa tsohon kwafi.

Saura ranar bugawa. Sau da yawa takarda tana buɗewa da girman da Amurkawa ke amfani da shi, milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke sayarwa a shaguna, 210 da 297. Bambancin tsawon milimita 18 ne, ya isa ya sauya inda kowane shafi ke ƙarewa. A gyara girman tun kafin a fara rubutu. Sannan kada a kai wa mai shago fayil ɗin da zai buɗe a Word ɗinsa, inda wani salon harafi daban zai iya motsa layuka ko ya ɓata ƙ da ɗ da ɓ. A sauke shi a PDF, a bi saman shafukan ɗaya bayan ɗaya da ido.

Haka muka yi da 'yar yayata a daren nan. Muka goge taken da ta buga da hannu a shafi sittin da wani abu, muka yanka sashe biyar, ta kwance kowanne da kanta ta rubuta takensa. Da safe ta ƙara sakin layin nan biyu, ta leƙa shafi na 14, ta tarar da lambarsa tana nan a kusurwa.